Miyar da Dzikamai Ya Kai wa Surukarsa

Ranar da surukar Dzikamai za ta hau dutse, tun da gari ya waye bai zauna ba. Ya share ɗakin katako na ƙarshe, wanda ƙofarsa ke kallon tafki, ya koma ya sake share shi. Ya shanya barguna, ya jera itace a gefen murhu, ya hura wuta a ƙarƙashin gangar ruwan wanka har bututunta ya fara huci. Dama aikinsa ke nan. Shi yake yi wa baƙin da ke zuwa daga Harare su kwana biyu a bakin gandun daji, su kama kifi, su ɗauki hoto, su koma. Sai dai yau baƙuwar tasa ce. Mai wurin, wato mai masaukin baƙin, ya ce tunda tsakiyar mako ne, kuma sanyin Yuni, hunturun ƙasar, ya kori mutane, ya ba shi aron ɗakin, kada dai a ƙona masa labule.

Matarsa Chenai tana zaune a baranda ta miƙe ƙafafu, cikinta ya yi gaba sosai.

"Zauna haka nan, Dzika," ta ce. "Ka goge tagar nan har ta fara jin zafi."

"Akwai yana a can kusurwa."

"Babu wata yana. Ni ma da idona."

Bai zauna ba. A al'ada shi ya kamata ya kai Chenai gidansu goyon ciki, tunda haihuwar fari ce. Har akuya ya aika, kamar yadda ake yi. Sai tsohuwar, uwar Chenai, ta aiko cewa kada ya wahalar da kansa, za ta zo ta ɗauki 'yarta da kanta. Kowa ya san ma'anar wannan. Chenai ma ba ta ɓoye masa ba. Uwarta ta faɗa a gaban dangi cewa in ta tarar da wurin yadda ake ba ta labari, hazo da sanyi da birai da ɗaki guda a bayan rumfar itace, to ba za ta maido 'yarta da jariri ba. In yana son iyalinsa ya sauko birninsu Mutare ya nemi aiki, ko kuwa ya riƙa zuwa yana ganinsu.

Shi kuwa Dzikamai ban da dutsen nan bai san ko'ina ba. Uwarsa ta rasu yana rarrafe. Ubansa mai saran katako ne, ya bi ta kafin yaron ya gama firamare. A hannun ma'aikata ya tashi, yau a wannan ƙofa, gobe a waccan. Ya iya itace, ya iya wuta, ya iya tukunya. Mutare kuwa in ya je, tsallaka titi ma sai ya jira wani ya fara.

Da rana ta ɗaga ya tura baro zuwa mararraba. Mota ta sauke baƙin nasa a gindin dogayen itatuwan nan masu ganye kamar allura. Tsohuwar ta sauko a hankali, lulluɓe da bargo a kan rigar cocinta, bayanta kuma autarta Sekai, ƙanwar Chenai, riƙe da jakunkuna. Dzikamai ya cire hula, ya tsuguna nesa kaɗan, ya tafa hannu yadda suruki ke yi, ya gaishe ta da Amai, wato Mama a harshensu.

"Kun zo lafiya, Amai? Yaya hanya?"

"Mun zo," ta ce, idonta na kan itatuwa. "Ashe haka nisan yake."

"Mijina!" Sekai ta ce, ta jefa masa jaka a baro. "Ka rame. Yayata ba ta ba ka abinci ne? Ka sake ta ka dawo wurina, ni ba na rowa."

"Na ji an ce ko ruwan zafi sai kin ƙona," ya ce a hankali, kansa a ƙasa.

"Ji shi! A gaban Amai ba ya iya ɗaga ido, amma bakinsa na aiki."

Suna cikin tafiya sai ga birai sun tsallaka hanya, uwa da ɗa a ƙirjinta. Sekai ta tsaya ta tafa musu hannu da ladabi.

"Amai, ga surukanki sun fito tarye. Mijina, wanne ne baffan naka a ciki?"

Don kan-gidan su Dzikamai biri ne, kamar yadda na su Chenai ɓauna ne ta wajen ubansu. Kowa da nasa, da shi ake gaishe shi, da shi ake gode masa, kuma ba ya kai shi baki har ya mutu. Dzikamai ya yi murmushi. Tsohuwar ba ta yi ba.

Da suka isa, Chenai ta rungume uwarta, suka ɗan yi hawaye. Sannan tsohuwar ta tsaya a ƙofar ɗakin katakon, ta dubi gadaje da fararen zannuwa da wutar da ke ci a murhu.

"Nan ne ɗakinku?"

"A'a, Amai. Na baƙi ne."

"To. Ni baƙuwa ce ke nan." Ta juya ga Chenai. "Kai ni inda kike kwana."

Dzikamai ya bi su daga nesa. Ta shiga ɗakinsu na bayan rumfar itace, ta dubi gado, ta dubi tukwane biyu da ke kife. Ta ɗora tafin hannunta a bangon da ke wajen dutse, ta cire, ta duba, ta goge a bargonta. Ta juya ta fita. Da ma faɗa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Da yamma Chenai ta yi tuwo da kabeji. Tsohuwar ta ɗan taɓa, ta ce gajiya ta hana ta ci.

A nan ne dabara ta zo wa Dzikamai. Ya ce a ransa, ta ga abin da dutse ba shi da shi, bari ta ga abin da yake da shi. Me ke kawo masu manyan motoci nan, su kwana cikin sanyi? Kifin tafkin nan ne, mai ɗigo-ɗigo a jiki, mai jan nama, wanda ba ya rayuwa sai a ruwan da ke ƙona hannu don sanyi. Shi kansa bai taɓa cin guda cikakke ba, sai ragowar baƙi. Ya roƙi mai wurin, ya ce masa ya kama biyu, kada ya wuce. Bai gaya wa Chenai ba. So yake ita ma ta yi mamaki.

Da sassafe ya sauka bakin ruwa, ciyawa na ƙara a ƙarƙashin takalminsa saboda ƙanƙara. Hazo ya kwanta a kan tafkin, ba a ganin ɗaya gefen. Ya ɗaura ƙugiyar nan mai gashin tsuntsu, wadda ake yi kamar ƙwaro, ya yi ta wurgawa yana janyewa har yatsunsa suka daina ji. Sai da rana ta fara cin hazon sannan ya samu na farko. Na biyun bai ba shi wahala ba.

Ya gyara su a bayan rumfa, ya shafa gishiri, ya yi musu banda a gwangwanin da yake yi wa baƙi, da garin katako mai ƙamshi. Da suka yi ja, sai ya tuna tsohuwa ce, ƙaya na iya tsaya mata a wuya. Ya zauna a kan kututture ya ɓare fatar, ya marmasa naman da yatsu, yana tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya, har da ƙananan nan masu kamar gashi. Ya jiƙa busasshen ganyen kabewa, ya soya albasa da tumatir, ya dama niƙaƙƙiyar gyaɗa, ya zuba naman a ciki, ya bar shi a ƙaramar wuta. Da miyar ta haɗu, ko shi da ya yi ta, da ido ba zai ce ga abin da ke ciki ba. Sai ka ce busasshen naman da ake yi da gyaɗa a kowane gida. Ya tuƙa tuwo mai laushi.

Lokacin Chenai da Sekai sun tsallaka rafi, sun je yi wa matan ma'aikata sallama. Dzikamai ya ɗauki tire ya rufe da kyalle. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya tafa hannu.

"Ga ɗan abin taɓawa, Amai."

"Ajiye nan."

Ya ajiye a dokin ƙofa, da kwanon wanke hannu, ya koma matakalar ƙarshe ta baranda ya zauna, ya ba ƙofar gefe. Suruki ba ya kallon bakin surukarsa. Amma kunnensa na ciki. Ya ji ƙarar ruwa. Ya ji an buɗe kwano. Can sai ya ji ana kankare gindin kwano da loma.

"Ɗan nan."

"Na'am, Amai."

"Miyar nan da saura?"

Bai san lokacin da ya isa rumfa ya dawo ba. Ya ciko kwanon har baki. Ta ci wannan ma, ko da yake ba ta cinye ba. Sannan ya ji ta jawo kujera kusa da ƙofa, ta yadda murya za ta fita, ido ba zai haɗu ba.

"Wa ya koya maka girki?"

"Nan da can ne, Amai. Duk ƙofar da na zauna sai in kalli hannun matar gidan."

"Hm. 'Ya'yana mata biyu, babu wadda ta iya dama gyaɗa haka. Kada ka faɗa musu." Ta gyara zama. "Bangon nan naku, in aka yaɓe shi ta waje, zai daina tsattsafo?"

"Zai daina, Amai. Har yashi na tara."

Sai ya ji ta tafa hannu, tafi mai taushi irin na mata, ta ce, "An gode, jikan biri. An gode, masu kwana a kan reshe. Hannu ya yi albarka."

Tunda aka yi auren nan ba ta taɓa kiransa da kan-gidansu ba. Rabon da wani ya gode masa haka, tun ubansa na da rai. Ya dubi tafkin, ya ga ya yi masa dishi-dishi, ya sa hula ya goge fuska kamar gumi yake sharewa.

A haka matan suka dawo suka same su. Sekai ta haye baranda da gudu.

"Iye! Ana shagali ba mu? Amai, kin ci amanarmu." Ta leƙa kwanon, ta lakato miyar da yatsa ta kai baki. Ta tsaya. Ta sake lakata, ta shinshina. Dariyar da ke fuskarta ta tafi.

"Yaya," ta ce da Chenai, murya ƙasa-ƙasa. "Zo ki ɗanɗana."

Chenai ba ta ma ɗanɗana ba, hancinta kawai ta kai. Ta juyo ta dubi mijinta.

"Dzika, me ka sa a ciki?"

"Kifin tafki ne," ya ce, har da ɗan murmushinsa. "Da asuba na kamo. Na cire ƙayar duka, babu ko..."

Bai ƙarasa ba, saboda yadda Chenai ta ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo Allah. Dzika, Amai 'yar ruwa ce. Kifi ne kan-gidansu."

Tsohuwar ta miƙe a hankali, ta ɗauki kofin ruwa, ta fito. Ta wuce ta gefensa, bakin bargonta ya kusa taɓa shi, ta zaga bayan ɗaki. Suna ji tana kurkure baki tana zubarwa, tana sakewa. Da ta dawo ba ta dubi kowa ba. Ta shiga, ta tura ƙofa. Ba da ƙarfi ba. Haka kawai ta tura ta har ta rufu.

Dzikamai yana tsugune inda yake. Ya haɗa hannu zai tafa, ya rasa me zai ce in ya tafa. Ya tashi ya ɗauki tiren, ya tafi.

A rumfa ya ɗauki gatari ya hau faskaren itacen da ba a buƙata sai wata mai zuwa. Kowane sara sai ya ji muryarta tana cewa, miyar nan da saura? Shi kuma ya ruga da gudu kamar yaro ya ƙaro mata. Da hannunsa ya tsince ƙayar da za ta gani ta gane. Da hannunsa ya ɓoye abin a cikin gyaɗa. Ko maƙiyi ne ya shirya ya ciyar da ita haramiyarta, iyakar abin da zai yi ke nan.

Chenai ta zo ta zauna a kan kututture, tana numfashi da ƙyar saboda hawan.

"Ajiye gatarin nan kafin ka sare ƙafa."

Ya ajiye, amma bai juyo ba.

"Me ya hana ka tambaye ni?"

"Na ga kina ci."

"Ni 'yar ubana ce, ɓauna ce ba na ci. Ita da nata. A gidanmu kifi bai taɓa shiga tukunya ba, a makwabta muke ci, mu wanke baki kafin mu shigo. Ranar da aka kai kayan aurena, ba ka ji da abin da aka gaishe ta ba?"

"Ina bakin ƙofa a durƙushe. Ban ji komai ba ranar, sai bugun ƙirjina."

"Ni ma da laifina," ta ce. "Na ɗauka ka sani. Wa ke auren 'yar mutum bai san wannan ba?"

Ba da nufi ta faɗa ba, amma maganar ta same shi. Ta lura, ta miƙo hannu ta kama gefen rigarsa.

"Me take yi?" ya tambaya.

"Tana kwance, ta juya wa bango. Sekai ta ce mata ai ita 'yar coci ce, wannan duk zancen da ne. Ta ce Sekai ta fita."

"Haƙoran fa? Da gaske suna zubewa in mutum ya ci kan-gidansu?"

"Haka ake cewa. Ni ban taɓa gani ba. Ai ban taɓa ganin wanda ya ci ba."

Irin wannan laifi ba mai shi ke zuwa ba da haƙuri da bakinsa ba. Babba ake samu, baffa ko kawu, ya je ya zauna, ya tafa, ya ce yaronmu ya yi ɓarna, a faɗa mana abin da za mu kawo. Dzikamai ya duba hagu ya duba dama a cikin ransa. Tsohon mai gadin wurin, wanda ya tsaya masa lokacin aure, ya sauka kwari jana'iza tun makon jiya. Sauran ma'aikatan sa'o'insa ne. Mai wurin kuwa in ya ji, dariya zai yi ya ce a ba ta shayi.

Da yamma dole ya hura mata wutar ruwan wanka. Ya zaga ta cikin itatuwa don kada a gan shi ta taga, ya hura, ya ajiye itacen murhu a bayan ɗaki maimakon baranda, ya koma ta inda ya fito kamar ɓarawo. Chenai ta kawo masa tuwo, bai buɗe ba. A wurin uwarta ta kwana. Jakarta tana ɗaure a bakin ƙofar ɗakinsu, da 'yan rigunan jariri da ta saƙa a ciki. Ya daɗe yana kallon jakar.

Washegari, rana ta ɗan fito, Sekai ta same shi yana gyara tayar baro.

"Mijina."

Ya ci gaba da gyaran tayar, kansa a ƙasa.

"Haba, ɗago mana. Na duba bakinta tana hamma, duk suna nan. Wanda babu, dama tun bara babu shi."

"Sekai, don Allah."

Ta tsuguna kusa da shi, ta rage murya. "Wasa nake, Yaya. Tana kiranka. Tana bakin ruwa. Ta ce kai kaɗai."

Akwai wani benci a bakin tafkin inda baƙi ke zama su sha shayi. Can ya same ta, lulluɓe da bargo, tana kallon ruwan. Ya tsaya nesa, ya cire hula, ya zauna a ƙasa cikin raɓa, ya tafa hannu. Ya daɗe yana tafawa. Ba ta hana shi ba, sai da hannunsa ya gaji don kansa.

"Wa ka turo?" ta ce.

"Babu kowa, Amai."

"Na gani."

Wani kifi ya yi tsalle can tsakiya, ruwan ya yi zobe ya baje. Dukansu biyu sun gani, dukansu suka kawar da kai.

"Sekai ta ce tsoron haƙora nake," ta ce. "Ba shi ba ne. Haƙora nawa suka rage mini da zan yi musu kuka? Tun ina yarinya ake kawo shi kusa da ni, in kawar da kai. Shekarar yunwa, shi aka raba a makaranta, busasshe a buhu. Kowa ya ci. Ubana ya ce mu sha ruwa mu kwanta, muka sha ruwa muka kwanta. Ban taɓa sanin yadda yake a baki ba." Ta gyara bargonta. "Jiya na sani. Na ci ɗan'uwana, na ji daɗinsa, har na ce a ƙaro. Wannan ne ya hana ni barci. In na je can, da wane ido zan dubi ubana?"

Dzikamai ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige. Da ya zaci kunyar tasa ce shi kaɗai. Ashe ya ɗora wa tsohuwa wadda ta fi tasa nauyi.

"Laifina ne, Amai. Ku ba ku sani ba. In ana tambaya a can, ni za a tambaya."

"Kai ma ai ba ka sani ba. Shi ne abin." Ta ɗan juyo, ba duka ba. "Uwarka, mene ne kan-gidansu?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ban sani ba, Amai."

"Garinsu fa?"

"An ce wajen Katerere ne. Ban taɓa zuwa ba."

"Wato kana iya haɗuwa da kawunka a mota, ku yi faɗa a kan kujera, ku rabu."

"Haka ne, Amai."

Ta yi ajiyar zuciya. "Ɗaki na zo gani. Na gani, ƙarami ne, bango na zufa. Wannan yashi da siminti ne maganinsa. Sanyi kuma, ga itace har ya yi yawa. Amma jariri ba itace kaɗai yake so ba. Ranar da cibiya ta faɗi, wa zai ce ga inda za a binne ta? Ranar da ya ƙi nono, wa za a tambaya? Ita yarinya, kai kuma ba ka da kowa. Kai mai kirki ne, na gani. Da kirkin naka ka ba ni kifi."

Ya gane inda maganar ta nufa. Abin da ya dace ya ce, duk yadda kuka yanke, Amai, ya tafa hannu, ya tashi ya ɗauko baro. Har kalmomin sun zo bakinsa. Suruki ba ya ja da surukarsa, ballantana wanda ya yi abin da ya yi jiya. Ya dubi hular da ke hannunsa, ya ga ya murɗe ta kamar wanki.

"Amai, in kun ba ni dama, in yi magana."

"Ina ji."

"Gaskiya kuka faɗa. Ba ni da wanda zan tambaya. Tun ina yaro kallo nake yi in kwaikwaya, don in na yi tambaya sai a tuna ni ba ɗan gidan ba ne. Shi ya sa na saba yin shiru." Ya sake murɗe hular. "In kun tafi da ita ba ta dawo ba, haka zan zauna ban san komai ba har in tsufa. Amma in kun yarda, ku zan riƙa tambaya. Ko abin da yaro ƙarami ya sani ne, zan tambaya. Ku yi mini dariya, ba komai."

Tunda yake bai taɓa yi mata magana mai tsawon wannan ba. Kunnuwansa suka yi zafi duk da sanyin. Ya ƙura wa ciyawa ido yana jira.

Ta ci gaba da kallon ruwan. Har ya fara jin motsin su Chenai a baranda suna fito da kaya.

"Suruki ba ya zama ɗa," ta ce. "Akwai abin da ba zan faɗa maka ba, akwai inda ba za ka zauna kusa da ni ba. Wannan ba ni na ajiye shi ba."

"Na sani, Amai."

"Kafin ta haihu, ka nemi hutu ka je Katerere. Ka yi ta tambaya har ka samu wanda ya san uwarka. Ba na son jikana ya tashi da gefe guda."

"Zan je."

"Ka yaɓe bangon."

"Zan yaɓe."

"In ta yi ƙwari, ni zan kawo ta da kaina. Kuma ba zan juya a ranar ba, sai na ga yadda kuke riƙe shi. Kada ka sake ara mini ɗakin masu kuɗi, gadon ya yi laushi, bayana ciwo yake. A ɗakin 'yata zan kwana. Kai ka san inda za ka sa haƙarƙarinka."

"Akwai rumfa, Amai."

"Kai da rumfarka." Ta dafa benci ta miƙe. "Maganar jiya kuma, za ka kawo farar kaza gidan yayana, shi ya san abin da za a yi. Bayan wannan kada in sake jin ta a bakin kowa. Har da waccan mai bakin."

Ya tafa hannu. Ya so ya gode mata da kan-gidansu yadda ake yi, yanzu da ya san shi, amma kalmar ta ƙi fita, kunya ta riƙe ta. Ya ci gaba da tafi kawai har ta wuce.

Da suka kama hanyar mararraba, Chenai da Sekai suna gaba, tsohuwar na tsakiya, shi yana baya da baro. Chenai ta waiwayo ta dube shi da tambaya a ido. Ya gyaɗa mata kai kaɗan. Ta juya da sauri, ta sa bakin zane a fuska.

Sun yi nisa, tayar baro na ta kuka. Dzikamai ya yi gyaran murya, ya sake yi.

"Amai."

"Mene ne?"

"Mai jego, a gidanku, me ake ba ta? Me kuma ba a ba ta?"

Sekai ta buɗe baki za ta yi magana, uwarta ta harare ta, ta rufe. Tsohuwar ba ta waiwayo ba, amma ta rage sauri har tayar baron ta kusa cim mata.

"Kunun dawa da farko," ta ce. "Mai ruwa-ruwa, ba irin tuwon nan naka ba. Kada a sa mata barkono. Kana ji, ko sai na maimaita?"

"Ku maimaita, Amai," ya ce.